Babi na Bakwai: Gilashi Biyu, Reza Ɗaya, da Hasken Taurari

Samo faifan gilashi guda biyu masu kauri, kowanne faɗinsa milimita 150, wato inci 6. Kafa ɗaya a kan duro da ka cika da yashi don kada ya motsa, ka barbaɗa masa garin silikon kabaid mai kaushi, ka yayyafa ruwa, sannan ka kifa ɗayan a kansa. Tura na saman gaba, ka jawo shi baya, kana dannawa da nauyin jikinka. In ka yi turi kamar goma, ɗan juya gilashin da ke hannunka, kai ma ka matsa taku ɗaya a gefen duron, ka ci gaba. Haka za ka yi ta kewaya duron nan har ƙarar garin ta mutu, ka wanke, ka zuba sabo.

Duk lokacin da gilashin sama ya zarce bakin na ƙasa, nauyi yana sauka ne a kan tsakiyar na sama da gefen na ƙasa, don haka nan ne suka fi cinyewa. Sannu a hankali na sama yana yin rami, na ƙasa yana yin tozo. Ramin nan kuwa ba kowane irin rami ba ne. Fuska biyu ba za su iya zamewa a kan juna ta kowace kusurwa ba tare da barin gibi ba, sai in sun zama shimfiɗaɗɗu sarai, ko kuma su zama yanki na ƙwallo. Duk inda ya yi tsini, shi ne zai fara haɗuwa da garin, shi ne kuma zai fara tafiya. Saboda haka gilashin da kansa yake neman siffar da ake so, wato ta madubin na'urar hangen taurari.

Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne rashin daidaiton hannu ba cikas ba ne, taimako ne. Hannun ɗan Adam ba ya maimaita turi ɗaya sau biyu daidai wa daida: wannan ya yi tsawo, wancan ya gajarta, wani ya karkata hagu, wani dama. Da yake turin dubbai ne, kuskuren wani yana share na wani. Injin da ke bin hanya ɗaya tak, in ba a sa masa ido ba, zobba yake bari a fuskar madubi. Riƙe wannan a ranka, domin idan muka zo kan hoto za ka sake samun dabarar nan, ba a canza mata komai ba sai kayan aiki.

Zurfin ramin da ake nema ba shi da yawa. Madubin inci 6 da masu farawa suka fi yi yana tattara haske a tazarar milimita 1,200 daga fuskarsa, ninki takwas na faɗinsa ke nan, kuma zurfin tsakiyarsa bai cika milimita 1.2 ba. Da zarar an kai nan, aikin gari mai kaushi ya ƙare. Sai a bi shi da mai laushi, daga lamba 80 zuwa 120, zuwa 220, zuwa 320 da 500, har a kai ga garin aluminiyam oksaid mai santsi. Kowane gari aikinsa ya goge ramukan da na gabansa ya bari. A nan tsabta ita ce komai. Ƙwaya ɗaya ta lamba 80 da ta maƙale a ƙarƙashin farce, ta faɗo lokacin da ake kan gari na ƙarshe, za ta ja zane daga wannan gefe zuwa wancan, ta mayar da mutum baya kwanaki. Shi ya sa masu wannan aiki suke wanke duro da bokiti da hannuwa, su canza riga, kafin su buɗe sabon gari.

Bayan niƙa sai gogewa. Ana narka wata irin kwalta ta musamman a zuba a kan gilashin ƙasa, a yanka mata layuka a gicciye, a danna madubin a kai har ta ɗauki siffarsa, sannan a shafa ruwan hodar siriyam oksaid a ci gaba da turi. Kwaltar tana da wata ɗabi'a: in ka buge ta sai ta fashe, in ka danna ta a hankali sai ta bi. Wannan bin da take yi ne ke sa ta manne da kowane lungu na madubin. Zafi yana sa ta yi laushi fiye da kima, don haka mai aiki a ƙasa mai zafi yana bukatar kwalta mai tauri fiye da wadda littattafan Turai suke ambata, kuma ya fi masa kyau ya yi aikin da asuba.

Idan fuskar ta yi sheƙi, an samu yankin ƙwallo, amma ba a gama ba. Yankin ƙwallo ba ya tattara hasken tauraro a ɗigo ɗaya: hasken da ya faɗa gefe yana haɗuwa kusa da madubin, wanda ya faɗa tsakiya yana haɗuwa can gaba kaɗan. Siffar da ke kai su wuri guda ita ce farabola. A madubin da muke magana a kai, bambancin da ke tsakanin siffofin biyu kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na kaurin silin gashi. To, ta yaya mutum a ɗakinsa zai auna abin da ko madubin likita ba ya nunawa?

Wani Bafaranshe masanin kimiyyar lissafi da haske, Léon Foucault, shi ya ba da amsa a 1858, kuma kayan gwajinsa fitila ce da reza. Ana jingine madubin a tsaye, a koma baya ninki biyu na tazarar haskensa, mita 2.4 ke nan. A nan ake ajiye fitila a bayan ƙaramar huda ta allura, kusa da ita kuma reza, ido a bayan rezar. Hasken ya je madubi ya dawo, sai ka ga fuskar madubin gaba ɗaya ta cika da haske. Sannan ka turo bakin rezar a hankali cikin hanyar hasken. In madubin cikakken yankin ƙwallo ne kuma rezar tana daidai mahaɗa, fuskar za ta dushe baki ɗaya a lokaci guda. In akwai tudu ko kwari, komai ƙanƙantarsa, zai fito da inuwa a gefe ɗaya da haske a ɗaya gefen, a gan shi ƙuru-ƙuru. Ɗora yatsa a kan gilashin na 'yan daƙiƙoƙi ka koma ka leƙa: ɗumin yatsan ya kumbura wurin, kuma za ka ga kumburin. Farabola tana da nata sa hannun. Wurin da hasken tsakiya ke haɗuwa da wurin da hasken gefe ke haɗuwa suna rabuwa da kimanin milimita 2.3, in fitilar a kafe take. Ka ga ke nan an mayar da abin da ido ba ya gani zuwa abin da rula ke iya aunawa. Daga nan aikin ya koma goga kaɗan, jira gilashi ya huce, auna, sake gogawa. Nan ne mutane suka fi karaya, musamman in gefen madubin ya zube ƙasa, cutar da ta fi kowace damun sabon hannu kuma take da wuyar warkewa.

Kada a raina wannan mataki. Madubin na'urar hangen taurari ta Hubble, mai faɗin mita 2.4, an goge shi sumul, amma kayan da aka auna shi da su an jera su da ɗan kuskure, sai gefensa ya kauce wa siffar da ake so da kusan kashi biyu cikin dubu na milimita. An harba na'urar a 1990, hotuna suka fito dishi-dishi, sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka sanya mata gyara.

Mataki ɗaya ne ya fi ƙarfin gida, wato shafa wa fuskar gilashin abin da zai mayar da haske. Madubin ɗaki a bayansa ake shafawa, wannan kuwa a gabansa. Tun shekarun 1930 aluminiyam ake turarawa a kai a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, don haka yawanci aikawa ake yi wurin masu sana'ar. Akwai tsohuwar hanya ta azurfa da ake yi da sinadarai, tana kuma ba da haske mai kyau, sai dai azurfa tana dushewa da wuri, kuma ruwan haɗin in aka bar shi ya kwana yana iya fashewa. Ba aikin da za a yi da ka ba ne.

Sauran na'urar kafinta ma zai iya. Tsarin na Isaac Newton ne tun 1668: bututu, babban madubi a gindinsa, ƙaramin madubi shimfiɗaɗɗe a karkace kusa da baki wanda ke juyo hasken zuwa gefe, inda gilashin leƙe ko kyamara ke jira. Da irin wannan, mai madubin ƙarfe na tagulla da kuza da ya zuba ya goge da hannunsa, William Herschel, makaɗi a garin Bath na Ingila, ya gano duniyar Yuranus a 1781. A Amurka kuwa wani mai zane kuma tsohon matafiyin yankin ƙanƙara, Russell Porter, ya buɗe aji a 1920 a garin Springfield na jihar Vermont yana koya wa ma'aikatan masana'anta niƙa madubi. Daga ajin nan aka samu taron Stellafane, wanda aka fara a 1926 kuma har yau masu ƙera na'urorinsu suke haɗuwa a kan wani tudu a garin a lokacin zafi na can. A 1928 wani ɗan manomi a Kansas, Clyde Tombaugh, ya haɗa tasa mai inci 9 da tarkacen injinan gona da ƙarfen tsohuwar mota ƙirar Buick. Ya zana abin da ya gani a jikin Mushtari da duniyar Mas, ya aika wa cibiyar nazarin taurari ta Lowell, suka ɗauke shi aiki, a Fabrairun 1930 ya gano Fuluto a jikin faranten hoto.

Wanda ya sauko da abin ƙasa sosai shi ne John Dobson. An haife shi a Beijin a 1915, ya karanta kimiyyar sinadarai, ya shiga gidan ibada na ƙungiyar Vedanta a Kalifoniya inda ya yi fiye da shekara 20 ba ya da ko sisi. A can ya riƙa niƙa madubai daga gilashin tagogin tsofaffin jiragen ruwa, bututunsa na kwali irin wanda magina ke zuba kankare a ciki, gindinsa akwatin filawud mai juyawa. Aka sallame shi a 1967, shekara ta gaba ya kafa ƙungiyar masu kallon taurari a bakin titi a San Faransisko, yana tare masu wucewa yana cewa su zo su ga wata. A wurinsa gani ya kori ji, kuma ido yake yi wa aiki, ba kyamara ba. Akwatinsa yana juyawa sama da ƙasa, hagu da dama, da turin hannu. Ga mai leƙe babu abin da ya kai shi sauƙi. Ga mai hoto kuwa nan matsala take farawa.

Ƙasa tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Ido bai damu ba, in tauraro ya kusa fita sai a ɗan tura bututu. Kyamara ba ta yafewa. A tazarar milimita 1,200, tauraron da ke tsakiyar sama yana tafiya kusan kashi tara cikin ɗari na milimita a kan faifan kyamara kowace daƙiƙa. Ɗigon da ke ɗaukar haske a kyamarorin yau faɗinsa kamar kashi huɗu cikin dubu na milimita ne. Wato cikin daƙiƙa ɗaya tauraron ya tsallake ɗigo fiye da 20, ya bar layi maimakon tauraro.

Hanya biyu ce ta fita. Ko a ɗauki hoton da sauri yadda motsin ba zai samu zarafi ba, ko a sa na'urar ta bi sama.

Ta farko tana aiki ga abubuwa masu haske, kuma wata ne farkonsu. Kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya ishe shi. Wayar hannu ma ta isa: a yi mata ɗan maƙali na katako a bakin gilashin leƙe, a rage hasken da hannu, a sa ta ɗauka bayan ɗan jinkiri don kada taɓawa ta girgiza ta. Kada a jira daren sha huɗu, domin a lokacin rana tana dukan wata ta gaba, babu inuwa, fuskarsa ta zama fari fat. A nemi daren bakwai ko takwas, a nufi layin da ya raba haske da duhu, inda inuwar duwatsu ke miƙewa, bakin ramuka ke fitowa. Wanda ya fara ganin wannan a fuskar wayarsa, ta madubin da ya goge da hannunsa, ba ya bukatar kowa ya ƙara ƙarfafa masa gwiwa. Rana kuwa a bar ta. Madubin inci 6 yana tattara haske fiye da ninki 400 na abin da ƙwayar ido ke ɗauka, kuma kallon rana da shi ba tare da matacin da aka yi don haka ba makanta ce nan take.

Duniyoyi sun fi wata wuya, saboda ƙanana ne kuma iska tana wasa da su. Duk wanda ya hangi titin kwalta da tsakar rana ya ga yadda abin da ke nesa ke rawa. Irin wannan ne ke faruwa a dukan kaurin iskar da ke kanmu, inda ɗumi da sanyi ke cakuɗuwa suna karkatar da haske sau da yawa a cikin daƙiƙa. Shekara da shekaru hotunan Mushtari na fim, har na manyan cibiyoyi, ba sa kai abin da ido mai haƙuri ke zanawa, domin ido yana cafke 'yan lokutan da iska ta lafa, fim kuwa yana haɗiye mai kyau da maras kyau. A farkon shekarun 2000 masu sha'awa suka gano cewa ƙaramar kyamarar hira ta kwamfuta, irin su Philips ToUcam, in aka cire mata ruwan tabaranta aka cusa ta a gurbin gilashin leƙe, tana yin abin da ido ke yi har ta fi shi. Bidiyo ake ɗauka. A ce minti biyu, hoto 100 a daƙiƙa, an samu 12,000 ke nan. Manhajoji na kyauta kamar RegiStax da AutoStakkert su tantance su ɗaya bayan ɗaya, su zubar da mafi yawa, su jera waɗanda suka fi kaifi daidai a kan juna, su haɗe su. Ba a wuce minti biyu ko uku, domin Mushtari yana juyawa sau ɗaya cikin ƙasa da awa 10, in aka daɗe gizagizansa sun gusa.

Kowane ɗaya daga cikin hotunan nan, in ka buɗe shi shi kaɗai, abin tausayi ne: duhu, tsaki-tsaki, da ƙyar ake gane layukan jikin duniyar. Amma tsaki-tsakin nan ba ya faɗa wa wuri ɗaya sau biyu, alhali abin da ke can da gaske yana nan a kowane hoto. In aka haɗa, na gaskiya yana taruwa, na banza yana cin junansa. Lissafin a bayyane yake: hoto 100 suna tsabtace sakamakon ninki 10, hoto 400 ninki 20. Ga dabarar bakin duro ta dawo. Turi dubu maras daidaito ya ba da fuska mai daidaito, hoto dubu maras kyau ya ba da hoto mai kyau. A duka biyun abin da mutum ya zuba lokaci ne, kuma shi ya tsaya a madadin kuɗin da ba ya da su.

Hanya ta biyu, ta bin sama, ita ce ta abubuwa masu rauni: gajimaren gas da ƙura inda ake haihuwar taurari, da manyan gungun taurari na nesa. A nan kyamara ta yi wa ido fintinkau, domin ido ba ya tara haske, abin da ya shigo yanzu ya wuce yanzu, ita kuwa tana tarawa muddin a buɗe take. Masu sha'awa ne suka fara nuna haka. Andrew Common, injiniyan magudanan ruwa, ya kafa na'ura mai madubin inci 36 a lambun gidansa a Ealing da ke Landan, a 1883 ya ɗauki gajimaren Oriyon, hoton ya fito da taurarin da ba a ganinsu da ido ta wannan na'urar kanta. Isaac Roberts, ɗan kwangilar gini daga Wels, ya buɗe farantinsa awa huɗu a kan Andromeda a 1888, aka ga cewa abin da ake ɗauka hayaƙi ne ashe a naɗe yake. Yau mun san gungun taurari ne da haskensa ke tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso. Mutanen wancan zamani da ido a gilashin leƙe suke kwana, suna gyara tafiyar na'ura da hannu, in suka yi gyangyaɗi farantin ya lalace.

Don bin sama ana bukatar sanda ɗaya da ke kwance daidai da sandar da ƙasa ke juyawa a kai, tana juyawa sau ɗaya cikin awa 23 da minti 56. Mafi arhar hanya ita ce wadda George Haig na Sikotland ya bayyana a 1975: katako biyu da hinjin ƙofa, da doguwar sukuru da ke buɗa su a hankali. A nufi Tauraron Arewa da hinjin, a juya sukurun zagaye ɗaya a minti, kyamarar da ke kan katakon sama ta bi taurari. Wannan kyamara kawai yake ɗauka, ba bututu ba. Ga na'ura irin ta Dobson akwai dandamalin da Adrien Poncet na Faransa ya fito da shi a 1977, wanda ake ɗora akwatin gaba ɗaya a kai ya yi ta karkata na kusan awa guda kafin a mayar da shi farko. Ba ya bi daidai na tsawon lokaci, amma yanzu ba a bukatar hakan. Hoton daƙiƙa 10 ko 20 sau ɗari da yawa, a haɗa da Siril ko DeepSkyStacker, ya maye gurbin buɗewa guda ta awa huɗu. Ana ƙarawa da wasu hotunan da bakin na'ura a rufe, don a gane ɗumin da kyamarar kanta ke zubawa a cire shi, da wasu na fili mai haske bai ɗaya, don a cire inuwar ƙura da duhun gefe.

Ra'ayina shi ne mai farawa ya sa kuɗinsa da hankalinsa a gindi kafin madubi. Ƙaramin madubi a kan gindin da ba ya rawa ya fi babba a kan mai rawa. Sha'awar faɗi tana jan mutum ya fara da inci 10 ko 12, ya ƙare da gilashin da bai gama ba a ƙarƙashin gado. Ba kuma abin kunya ba ne a sayi madubi a gina sauran, da yawa daga cikin ƙwararru haka suke yi.

Mai karatu da ke Kano ko Zinder ko Sakkwato yana da rabon da bai sani ba. Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Duniyoyi a nan suna hawa sama sosai, ko a shekarar da suka fi yin kudu suna haura digiri 50, alhali a Landan akan yi shekarun da Zuhal ba ya kai digiri 20, ana hangensa ta cikin iska mai kauri da rawa. Dunƙulen taurarin Omega Sentori, mafi girma a gungun taurarin da muke ciki, yana hawa digiri 30 a nan, a Ingila kuwa ba ya leƙowa sam. Wahalar ita ce Tauraron Arewa yana ƙasa-ƙasa, digiri 12 kacal, gini ko ƙura na iya ɓoye shi, sai a koyi saita gindi ta kallon inda tauraro ke zamewa. Zafin dare yana ƙara wa kyamara tsaki-tsaki. Hazon hunturu yana kashe abubuwa masu rauni, ko da yake wata da duniyoyi suna ratsa shi in bai yi kauri ba, kuma ƙurarsa in ta sauka a madubi kada a kuskura a share ta da tsumma, wankewa ake yi da ruwa mai tsabta. Sama ta fi wankuwa a daren da ya biyo bayan ruwa, da kuma ƙarshen damina kafin hazo ya sauko, lokacin da Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa gabas da farkon dare.

Akwai abu ɗaya da nake tsayawa a kansa. Manhaja tana ba mutum ikon ƙara kaifi da launi yadda ya ga dama, wasu sababbin ma suna ƙirƙiro abin da hasken bai kawo ba. Fito da abin da ke ɓoye cikin hoto halas ne, aikin ke nan. Ƙara abin da babu shi kuwa ya mayar da hoto zane. Mai gaskiya yana ajiye ɗanyun hotunansa, yana rubuta lokacin ɗauka har zuwa daƙiƙa, yana faɗin abin da ya yi musu. Wannan ne ke sa hoton bayan gida ya zama shaida da masana za su iya dogara da ita, kuma suna bukatarta, domin lokacin manyan na'urori rabonsa ake yi da gasa, babu wadda za a bari tana gadin duniya ɗaya kowane dare.

A daren 19 ga Yulin 2009, Anthony Wesley, mai rubuta manhajar kwamfuta, yana ɗaukar Mushtari a gidansa da ke Murrumbateman a Ostireliya, da na'ura mai inci 14.5 da ya haɗa da kansa. Iska ta ɓaci, ya yi niyyar tattarawa, sai ya ɗan huta ya dawo. Ya ga wani baƙin tabo kusa da kudancin duniyar. Ya duba ko inuwar ɗaya daga cikin watanninta ce, wurin bai dace ba. Ya buɗe hotunansa na kwana biyu da suka wuce, babu tabon. Sai ya aika saƙo. Cikin kwana ɗaya masanan hukumar NASA suka juya na'urarsu da ke tsaunin Mauna Kea a Hawai suka tabbatar wani abu ne ya faɗa wa Mushtari, ya bar tabo mai faɗin tekun Fasifik, bayan 'yan kwanaki Hubble ma ta ɗauka. A Yunin 2010 shi da Christopher Go na Cebu a Filifin, kowa a gidansa, suka kama walƙiyar wata faɗuwar a bidiyo a lokaci guda, abin da ya kawar da shakkar cewa kyamara ce ta yi tuntuɓe.

Víctor Buso kuwa mai gyaran makullai ne a Rosario ta Ajantina, ya gina ɗakin kallo a kan rufin gidansa. Ranar 20 ga Satumban 2016 yana gwada sabuwar kyamara a na'urarsa mai santimita 40, ya nufi gungun taurarin NGC 613, mai nisan tafiyar haske fiye da shekara miliyan 60, yana ɗaukar hotunan daƙiƙa 20 a jere. A rukunin farko babu komai a wani gefe na gungun. A na gaba wani ɗigo ya bayyana, yana ƙara haske daga hoto zuwa hoto. Tauraro ne ke fashewa, kuma abin da ya kama shi ne lokacin da girgizar fashewar ta huda fatar tauraron ta fito, matakin da masana suka daɗe da lissafawa ba su samu kamawa da hasken da ido ke gani ba. Ya kai rahoto a daren. An ba fashewar lamba SN 2016gkg, a 2018 kuma mujallar Nature ta buga binciken da Melina Bersten ta jagoranta a kan hotunan, da sunan Buso a cikin marubutan.